Yadda Ake Zaɓen Ƙaramar Motar Da Za A Ja A Bayan Motar Tafi-da-gidanka

Duk wanda ya taɓa bin manyan titunan Amurka ya ga wannan abin kallo: ƙatuwar mota mai ɗakin kwana da kicin da banɗaki a cikinta tana tafe, ga ƙaramar mota maƙale a bayanta, tayoyinta huɗu a ƙasa suna juyawa, babu kowa a kujerar direba. Mu da muka taso a gida mun san janwe, amma namu na lalura ne. Mota ta mutu a hanya, a ɗaura mata igiya ko sarƙa, mutum ya zauna ciki yana riƙe da sitiyari yana taka birki, a lallaɓa har gareji. Wannan kuwa lafiyayyar mota ce ake ja da gangan, ɗaruruwan mil a yini, da gudun babban titi.

Dalilin bai da wuyar ganewa. Idan ka isa sansani, wato filin da irin waɗannan motoci ke yada zango, ka daidaita babbar motarka, ka jona ruwa da wuta, iyali sun baje kaya, ba za ka tattare duk wannan don zuwa sayen burodi ko zuwa masallacin Juma'a a garin da ke kusa ba. Akwai ma hanyoyin da ba a barin babbar mota ta hau. A gandun shaƙatawa na Glacier da ke jihar Montana, shahararriyar hanyar da ta ratsa tsaunuka ba ta karɓar motar da ta wuce ƙafa 21 a tsawo ko ƙafa 8 a faɗi. In ba ka da ƙaramar mota, sai dai ka ji labari.

Abin da nake so ka riƙe tun daga nan, ɗan'uwa, shi ne kada ka fara da sayen mota. Sayen shi ne na ƙarshe. Sikeli da littafin mota su ne za su zaɓa maka, kai naka bin abin da suka ce.

Mataki na farko: ka tabbatar jan ƙafa huɗu a ƙasa kake so

Hanyoyin ja uku ne. Ko ka ɗora motar gaba ɗaya a kan tirela, ko ka ɗora tayoyin gaba kawai a kan wata 'yar amalanke mai taya biyu, ko kuma ka bar ta da ƙafafunta huɗu a ƙasa ka haɗa ta da ƙarfen ja. Ta ukun ce mutane suka fi so, domin haɗawa da kwancewa 'yan mintoci ne, kuma ba ka da wata tirela da za ka nema wa wurin ajiya a sansani. Amma tana da tsada a farko, ita ce kuma ta fi zaɓen mota. In kana da mota mai ja da tayoyin gaba wadda ba ka son rabuwa da ita, amalanken nan na iya fisshe ka. In kuwa ka tsaya a kan ta ukun, mu ci gaba.

Mataki na biyu: ka hau sikeli

A Amurka da laba ake auna nauyin mota, laba ɗaya kuwa ta ɗan gaza rabin kilo. Lambobi uku za ka nema. Ta farko ita ce GVWR, wato iyakar nauyin da babbar motar kanta za ta iya kaiwa da duk abin da ke cikinta. Tana rubuce a wata takarda da aka manna kusa da kujerar direba ko jikin ƙofa. Ta biyu GCWR, iyakar nauyin babbar motar da abin da take ja idan aka haɗa su; wani lokaci sai ka duba littafin kamfanin da ya ƙera ƙashin motar kafin ka same ta. Ta uku kuma ƙarfin ƙugiyar baya, wato inda ake maƙala abin da za a ja, wanda ake rubutawa a jikin ƙugiyar.

A nan ne mutane da yawa ke faɗawa rami. Sai mutum ya leƙa ƙugiya ya ga laba 5,000, ya ce shi ke nan. Ƙugiya ba ita kaɗai ke yanke hukunci ba. Ɗauki misalin motocin da ake ginawa a kan Mercedes Sprinter, waɗanda suka yi yawa yanzu. Yawancinsu GVWR ɗinsu laba 11,030 ne, GCWR kuma 15,250. Idan ka cika motar har iyakarta, abin da ya rage maka na ja laba 4,220 ne kacal, ko da ƙugiya ta ce 5,000. Jeep Wrangler mai ƙofa huɗu tun tana wayam ta kusa cinye wannan ko ma ta wuce shi, balle an cika tankinta an zuba mata kaya. Motocin da aka gina a kan Ford E-450 sun fi samun sarari: 14,500 da 22,000, wato ragowar 7,500, amma su ma in ƙugiyarsu ta 5,000 ce, to a 5,000 za ka tsaya. Manyan da injin dizal ɗinsu ke can bayan motar kan ja laba 10,000 ko fiye. Kullum lambar da ta fi ƙanƙanta ita ce doka.

Don haka ka loda motarka kamar ranar tafiya. Ka cika mai, ka cika tankin ruwa, ka sa tukunyar gas, buhun shinkafa, tukwane, kekunan yara, iyali kowa ya shiga. Ruwa kaɗai galan ɗaya ya haura laba 8, tanki mai galan 50 ya wuce laba 400 ke nan. Sai ka nufi gidan man manyan motoci inda akwai sikelin CAT, ka hau, a ba ka takarda. Kuɗin kaɗan ne. Ka cire nauyin da aka rubuta maka daga GCWR, ka gwada sakamakon da ƙarfin ƙugiya, ka ɗauki ƙaramar lambar. Ni ina ba da shawarar ka sake rage wasu ɗaruruwan laba daga cikinta, domin kaya ba sa raguwa a tafiya, ƙaruwa suke yi. Lambar da ta rage ita ce shingenka. Duk motar da ta haura ta, komai kyanta, ka kau da ido.

Mataki na uku: ka fahimci abin da ke faruwa a cikin giyabos

Wannan ne zuciyar maganar, kuma shi ya sa ba kowace mota ake ja ba. Saka mota a firi bai isa ba. A mota mai giyar otomatik, famfon da ke zagaya da man giya injin ne ke juya shi. Injin na kashe, famfo ya tsaya. Amma tayoyin suna birgima a kan titi, suna juya ƙarafan da ke cikin giyabos daga baya, ba mai, ba sanyaya. Na ɗan gajeren zango a hankali ba lallai ka ga komai ba, shi ya sa janwen gida ke wucewa lafiya sau da yawa. Na awa biyar da gudun mil 60 kuwa, ƙarfe zai ci ƙarfe har ya ƙone. Kuma kai kana gaba, nesa da ita, ba za ka ji ƙara ko ƙauri ba sai aikin gama ya gama.

Motocin da ake iya ja su ne waɗanda aka sama wa wannan matsala mafita, kuma kusan kashi uku suke.

Akwai masu ja da ƙafa huɗu, wato waɗanda injinsu ke juya tayoyi huɗu duka, waɗanda ke da akwatin raba ƙarfi tsakanin tayoyin gaba da na baya mai mataki biyu, 4H da 4L, kuma mai nasa N, wato firi. Idan ka sa wannan akwatin a N, ka raba tayoyi da giyabos gaba ɗaya, tayoyin su yi ta juyawa abinsu, giyabos yana hutawa. Wannan shi ne mafi tsafta.

Akwai masu giyar hannu. Da yawansu ana ja a firi, amma ba duka ba, domin wasu su ma man ba ya isa ko'ina sai injin na aiki. Kada ganin kuloci ya sa ka saki jiki.

Sai kuma 'yan tsirarun masu otomatik da kamfaninsu ya amince a ja bisa sharuɗɗa: iyakar gudu, da tsayawa lokaci-lokaci a tayar da inji don mai ya zagaya. Wasu masu haɗa fetur da batir suna cikin wannan kaso.

Masu giyar CVT, wata irin otomatik marar matakai wadda ta mamaye ƙananan motoci a shekarun nan, kusan dukkansu ba a ja. Motocin lantarki zalla irin su Tesla su ma haka, domin tayoyinsu a haɗe suke da injin lantarkin. Akwai kamfanonin da ke sayar da ƙarin famfon mai ko na'urar cire farfela don a tilasta wa motar da ba a yi ta don ja ba. Ni ba na sha'awar wannan hanya ga wanda bai riga ya mallaki motar ba. Ƙarin kuɗi ne, ƙarin abin da zai iya lalacewa ne, kuma in giyabos ya tafi kamfanin motar ba zai saurare ka ba.

Mataki na huɗu: littafin motar, na shekararta

Ka nemo littafin da kamfani ya buga wa motar da kake hari, na ainihin shekararta. Kusan duk kamfanoni sun sa su kyauta a intanet. Ka je sashen da yawanci ake sa wa take "Recreational Towing". Ka lura, akwai wani sashe dabam na jan gaggawa, wanda ke ba da izinin jan matacciyar mota 'yan mil a hankali. Wannan ba shi ne naka ba, kada ka haɗa su.

Na nanata shekara ne saboda suna ɗaya ba ya nufin mota ɗaya. Honda CR-V ta shekara da shekaru tana cikin waɗanda aka fi ja a Amurka, har zuwa ƙirar 2014. A 2015 aka sauya mata giya zuwa CVT, daga nan ƙofa ta rufe. Ka tsaya a gaban ta 2014 da ta 2015, da ƙyar ka bambance su, amma ɗaya za ta bi ka har Alaska, ɗayar kuma za ta ƙone a hanya. Haka Jeep Grand Cherokee: mai tsarin ja da ƙafa huɗu na Quadra-Trac II ana ja, mai Quadra-Trac I ba a ja, alhali shekara ɗaya, jiki ɗaya. Ford Bronco ana ja, Bronco Sport ba a ja. Ford Maverick mai haɗa fetur da batir ana ja, mai injin fetur zalla na EcoBoost ba a ja.

Na taɓa zama maƙwabcin wani dattijo a sansani, ya sayi sabuwar mota bayan mai sayarwa ya tabbatar masa da baki cewa ana janta. Tafiyarsu ta farko giyabos ya mutu. Da aka buɗe littafin, ga hanin nan a rubuce ɓaro-ɓaro, kuma garanti bai biya ko sisi ba. Abin ya tsaya mini a rai, domin mutumin bai yi ganganci ba, ya tambaya, wanda bai sani ba ne ya amsa masa. Mai sayar da mota sau da yawa bai taɓa jan mota ba a rayuwarsa. Ka ce ya buɗe maka shafin ka karanta da idonka. Ƙungiyar masu motocin tafi-da-gidanka ta FRVA, wadda a da ake kira FMCA, takan fitar da jerin motocin da ake iya ja duk shekara, kuma jerin na da amfani wajen fara bincike, amma littafin motar shi ne alƙali.

Mataki na biyar: ka tace waɗanda suka rage

Bari in fara da abin da zai ɓata wa da yawanmu rai. Mu mutanen Toyota ne, mun yarda da ita tun daga gida, kuma da dalili. Amma a wannan fage ba ta cikin sahu. Littattafan Camry, RAV4, Highlander da Sienna sun hana janta da ƙafa huɗu a ƙasa, haka ma 4Runner da Tacoma duk da suna ja da ƙafa huɗu. In ka ga wani yana jan tasa, ko dai ya yi mata gyara na musamman, ko yana kasada.

Jeep Wrangler ce sarauniyar wannan harka, kuma in ka zaga kowane babban sansani za ka gani da idonka. Shirya ta ba wuya: akwatin raba ƙarfi a N, giyar otomatik a P, in ta hannu ce a bar ta cikin giya. Kayan haɗa ta ko'ina akwai, kowane bakanike na wannan layi ya san ta, kuma in ka isa wuri irin Moab a jihar Utah za ta kai ka inda ƙaramar mota ba ta isa. Amma gaskiya ita ce tana da nauyi, tana shan mai, tana da ƙara a babban titi, kuma tsohuwarta ma ba ta arha. Ka tuna wata goma ko fiye na shekara wannan motar ita ce ta zuwa aiki da kai yara makaranta. In uwargida ba ta jin daɗin tuƙa ta, ka sayi rigima.

Manyan a-kori-kura masu ja da ƙafa huɗu irin Ford F-150, Chevrolet Silverado da Ram 1500 ana jan waɗanda ke da akwatin mai mataki biyu, sai dai nauyinsu sai manyan tafi-da-gidanka irin masu injin dizal ne ke iya ja. Ga mai ƙaramar tafi-da-gidanka, tsohuwar CR-V ta 2014 ko ƙasa har yanzu zaɓi ce mai kyau, nauyinta bai fi laba 3,500 da wani abu ba, in ka dace da wadda aka kula da ita. Ƙananan masu giyar hannu irin Honda Fit sun fi ta sauƙi ma. In sabuwa kake so marar nauyi sosai, ka duba Maverick ko Escape masu haɗa fetur da batir.

Mataki na shida: ka karanta hidimar da za ka riƙa yi kullum

"Ana ja" ba ƙarshen magana ba ce. Ka duba me ake bukata kafin kowace tafiya, ka tambayi kanka ko za ka iya yinsa da asuba, cikin ruwan sama, yara na kuka.

Ga misalin CR-V. Za ka tayar da inji, ka taka birki, ka bi da giya ta kowane mataki, ka tsaya a D na 'yan daƙiƙu, sannan ka koma N, ka bar injin ya yi minti 3 kafin ka kashe. Dole daga D za ka shiga N. In daga ribas ka shiga, littafin ya yi gargaɗin giyabos zai lalace. Ba za ka wuce mil 65 a awa ba, kuma bayan kowace awa 8 sai ka maimaita. Makulli yana zama a matakin da sitiyari ke sake, domin tayoyin gaba su riƙa bin kwana, wannan kuwa yana shan batir, shi ya sa ake cire wani fiyus a doguwar tafiya. Ba abu ne mai wuya ba, amma mantuwa ɗaya ta isa. Wasu motocin ta allon gaban direba ake sa su cikin yanayin ja, wasu sai an cire kan batir. Duk wadda ka zaɓa, ka rubuta matakanta a kati ka ajiye a motar, ka riƙa bi ɗaya bayan ɗaya ko da ka haddace.

Mataki na bakwai: kayan haɗi da birki

Kafin ka biya kuɗin mota, ka shiga shafin kamfanonin Blue Ox, Roadmaster ko Demco ka tabbatar suna ƙera ƙarfen da ake ɗaurawa a ƙashin gaban wannan mota, na wannan shekara. Kowace mota da nata. In babu, ciniki ya mutu. Bayan shi akwai ƙarfen ja wanda ƙarfinsa ya haura nauyin motar, igiyoyin ƙarfe biyu na kariya, wayar da za ta sa fitilun birki da sigina na ƙaramar su bi na babbar, da wayar cajin batir in motar mai sha ce. Idan aka haɗa da kuɗin aiki, dubban daloli ne, don haka ka sa su cikin lissafin farashin motar tun farko.

Birki kuwa kada ka yi masa rowa. Yawancin jihohin Amurka da lardunan Kanada suna wajabta ƙarin birki ga abin da ake ja idan ya kai wani nauyi, a wurare da yawa laba 3,000, a wasu ƙasa da haka. Ko da doka ba ta ce ba, ka yi tunanin gangaren da ke bayan ramin Eisenhower, wanda ya huda dutse a jihar Colorado, inda titin I-70 ke saukowa daga sama da ƙafa 11,000, mil bayan mil, ga kusan tan biyu na ƙarfe na tura ka daga baya, ga iyalinka a ciki. Akwai na'urar da ake ajiyewa a gaban kujerar direba tana taka birkin, irin Brake Buddy, akwai kuma wadda ake dasawa dindindin ba a sake taɓa ta. Ta farko ta dace da mai sauya mota, ta biyu ta fi sauƙi ga mai yawan tafiya. Kowacce ka ɗauka, ta zo da makunnin da zai damƙe birki in motar ta tsinke.

Mataki na takwas: saye da gwaji

In ta hannu za ka saya, ka gane wa idonka N ɗin akwatin raba ƙarfi, ka sa shi ka fitar. Kada ka dogara da tambarin da ke jikin mota. Wani lokaci za ka samu wadda tsohon mai ita ya riga ya ɗaura mata kayan ja, wannan ragi ne babba, amma ka sani lambar mil ta yawancin motocin zamani ba ta ƙirga tafiyar da aka yi ana janta. Tayoyi da ƙafafun gaba sun yi aikin da agogo bai nuna ba. Ka kai wa bakanike ya ɗaga ta ya duba, har da kusoshin ƙarfen gaban.

Ranar haɗin farko ka nemi fili shimfiɗaɗɗe marar jama'a. Ka auna tsayin ƙugiyar babbar mota da na maɗaurin ƙaramar daga ƙasa. Bambancinsu kada ya wuce inci 3, in ya wuce akwai ƙarfen da ke saukar da ƙugiya ko ɗaga ta. Ka gicciya igiyoyin kariya a ƙarƙashin ƙarfen ja. Ka saki birkin hannu, wannan shi ne abin da aka fi mantawa. Sai wani ya tsaya a gefe kai kuma ka ja a hankali, ya tabbatar tayoyi huɗu na birgima, sitiyari na bin kwana yana dawowa, fitilu na amsawa.

Ka kuma saba tun daga ranar da cewa babu ribas. Muddin motar na haɗe, komawa baya ko na 'yan ƙafafu na iya murɗe tayoyin gabanta ya lanƙwasa ƙarfen ja. Kafin ka shiga gidan mai ko wani lungu, ka hango mafitarka tukuna. In ka maƙale, sauka za ka yi ka kwance ta, ka juya kowacce dabam, ka sake haɗawa. Bayan mil 20 na farko ka tsaya a wuri mai aminci, ka zaga, ka duba kowane fil da kowace waya, ka kai bayan hannunka kusa da kowace taya ka ji ko akwai wadda ta fi sauran zafi.